Kawuna Mai Burodi da Agogon Jiki

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, kuma kawuna, yayan mahaifiyata, ya riga mu tafiya. Ya rasu da hantsi a gidansa da ke bayan tashar Gazawa, aka yi masa sutura bayan azahar. Ni ina Maradi wajen karatu, ko da na iso an dawo daga maƙabarta.

Na tarar da ƙofar gida cike da direbobi da masu shayi da 'yan kabu-kabu, mutanen da a tasha ba ka jin maganarka saboda tasu, amma a nan kowa raɗa yake yi. Wani direba da ake jin muryarsa tun daga shingen jandarma ya kama hannuna ya sunkuyo kunnena ya ce, "Ya haƙuri?" Na ɗauka nauyin mutuwa ne. Daga baya na gane har da sabo. Kawu mai gashin burodi ne, da dare yake aiki, da rana yake barci, kuma duk wanda ya san gidan ya saba rage murya tun daga zaure.

Matarsa, wadda muke kira Iya, ba ta yi kuka ranar farko ba. Tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa daka a tsakar gidanta da rana ba, turminta a gidan maƙwabta yake zama. Washegari mata suka taru yi wa baƙi abinci, wata ta mirgino turmin ta kafa shi a gindin itacen bedi ta soma daka. Iya ta fito daga ɗaki da gudu, hannu a sama, za ta tsayar da ita. A tsakiyar gida ta tuna. Ta zauna nan ƙasa, sai a lokacin kukan ya zo.

Ranar sadakar uku, bayan an shafa fatiha, tsohon mai shayin tasha, abokin Kawu tun suna samari, ya matso kusa da taubashina, babban ɗan marigayi, wanda tanderu ya koma hannunsa.

"Ɗana, ba yau nake nufi ba, kar ka ce tsoho ba shi da kunya," in ji shi. "Amma in an yi arba'in, a maido mana da dogo. Tsohonka ciwo ya sa ya saurari ɗan lakol." Ya nuna ni da haɓa. "Wannan da ka gani shiru-shiru, shi ya shiga tsakaninmu da karin kumallo."

Mutane suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Dogo shi ne siririn burodin nan mai ɓawo da Kawu ya yi suna da shi, kuma ba a samun sa da asuba sai an kwana a bakin wuta. Watanni kafin ya rasu Kawu ya hana aikin dare a tanderunsa. Abin da mai shayi ke nema shi ne ɗan ya koma aikin dare. Ina rubuta wannan ne don kada a manta da Kawu, kuma don a san yadda aka yi ya yanke wannan shawara, tun da ana cewa ni na sa shi.

Ni yaro ne marar son hayaniya. Gidanmu kuwa cike yake da yara da rediyo. Tun ina ƙaramar lakol, wato makarantar firamare, na gano cewa babu inda ya kai zauren Kawu shiru a duk Gazawa tsakanin hantsi da la'asar, sai na riƙa ɗaukar littattafaina in tafi can. Sauran yara Iya korar su take yi. Ni da ta zo kora ta, muryar Kawu ta fito daga ɗaki: "Bar shi. Shi kaɗai ne baƙon da bai taɓa tada ni ba."

Ɗakinsa duhu ne ƙirin, ya toshe tagar da buhunan fulawa ninki-ninki. In zafi ya yi yawa Iya ta yayyafa musu ruwa. Duk da haka barcin nasa guntu-guntu ne. Zai tashi azahar, ya koma, ya tashi la'asar. In akwai suna ko jana'iza ba ya fashi, sai ka gan shi a sahu idanu jajur. Abinci kuwa ba shi da lokaci, wani lokaci tuwon daren jiya ne kalacinsa, wani lokaci shayi kawai.

Wata rana ya fito alwala ya same ni na manne da bakin ƙofa ina kanne ido, don zauren ba shi da haske. Ya tsaya ya dube ni, ya wuce. Ba a yi mako ba sai ga magini ya zo ya huda bangon zauren ta gabas ya sa taga. Kawu bai taɓa ce mini don ni ya yi ba. Da na yi masa godiya cewa ya yi, "Iska nake so."

Ba mutum ne mai yawan magana ba, sai in an zo kan burodi. Yakan ɗauki dogo da zafinsa ya kai kunne, ya matsa kaɗan, ɓawon ya yi ƙaras-ƙaras, ya ce, "Ka ji? Gaisuwa yake." Wanda ya kwana ba ya sayar da shi ko an roƙe shi. Matan Fulani masu kawo nono kasuwa yake ba, su jiƙa wa yara, kuma ba ya karɓar ko ludayin nono a madadi.

Abin da ya tsana a duniya shi ne lallausan burodin gwangwani da ake shigowa da shi daga Najeriya, mai sukari, wanda ke kwana da kwanaki bai bushe ba. Matashin kai yake ce masa. A kan wannan suka yi rigimar da ta fi kowace daɗewa da abokinsa mai shayi. Wata safiya Kawu ya kai dogo tasha ya tarar an jera matashin kai a kan tebur kusa da inda yake ajiye nasa. Bai sauke kwandon ba.

"Mi ke nan?"

"Fasinja ke tambaya, Alhajin Allah. Direbobin Katsina shi suka sani."

"To su ci su kwanta a kansa. Nawa ba ya zama kusa da wannan."

Ya juya da kwandonsa. Damina guda ba su yi magana ba, suna sallah a masallaci ɗaya. Sai ranar Sallah mai shayi ya zo gida da kansa ya ce shayinsa ya lalace, mutane sun ce kamar an yi masa sata. Kawu ya ce ya sani, ya ji labari. Washegari kwando ya koma tasha.

Ciwon ya soma ne da rama da murɗar ciki. Ya ce basir ne, ya sha jiƙo iri-iri. Da jini ya ƙi tsayawa aka kawo shi Maradi, ni na yi masa tafinta. Likita ya ce ciwon daji ne a hanji, kuma ya riga ya yaɗu. Na juya masa maganar da Hausa daidai yadda aka faɗa, ban rage ba. Ya ce, "To. Alhamdu lillahi." Sannan ya tambaye ni ko motar Gazawa ta la'asar ta tashi, don kwaɓi na jiran sa.

A wannan shekarar ne a jami'a muke karatun agogon jiki. Ni ba likitanci nake karanta ba, ilimin halittu ne, amma taubashina tun da ya ji muna nazarin gwajin da ake yi da ɓeraye ya laƙaba mini Lokotoron Ɓeraye, wato likitan ɓeraye. Na yi masa zancen darasin sau ɗaya, shi kuma ya kai wa mahaifinsa a matsayin abin dariya. Da na zo hutu, Kawu ya sa aka kira ni. Yana kwance kan tabarma a gindin bedi bayan la'asar, ya rame har zobensa ya koma babban yatsa. Taubashina na gefe yana ɗaure itace.

"An ce ka ce akwai agogo cikin hanjina."

"Har cikin fata da hanta, Kawu. Ko'ina."

"To ni ban ji yana bugawa ba. Faɗa mani."

Ban saba doguwar magana a gaban manya ba, na soma da in'ina. Na ce masa jiki an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani, kuma cikin kowace akwai wani dogon zare da ke ɗauke da umarnin yadda za ta yi aiki, a lakol ADN muke ce masa. Wasu gaɓoɓin zaren aikinsu ƙidayar lokaci. Suna sa a ƙera wani sinadari, ya yi ta taruwa, in ya yi yawa shi da kansa ya tsayar da masu ƙera shi, sannan ya narke a hankali, a sake daga farko. Zagaye ɗaya yana cin kusan yini da kwana. Akwai kuma babban agogo a ƙwaƙwalwa da ke daidaita sauran, shi kuma hasken da ke shiga ido ne ke saita shi.

"Ya tashi, a danne shi, ya sake tashi," in ji Kawu. "Kamar kwaɓi. Ci gaba."

Na ce zaren nan kullum yana samun rauni, daga hayaƙi, daga zafin rana, daga abin da muke ci, wani lokaci ma haka kawai wajen kwafe shi. Jiki na da masu gyara da ke bi suna yanke inda ya lalace suna ɗinkewa. Abin da aka gano shi ne masu gyaran ba su da ƙarfi ɗaya a kowane lokaci, agogon ne ke ƙara su ya rage su, kuma yana da hannu wajen faɗa wa ƙwaya lokacin da za ta rabu biyu. In komai na tafiya daidai, ana gyara kafin a rabu. In agogo ya rikice, ƙwaya na iya rabuwa da kuskurenta, 'ya'yanta su gaje shi, kuskure ya hau kan kuskure shekara da shekaru, har wata ta daina jin umarnin tsayawa. Wannan shi ne ciwon daji.

"Ɓerayen fa?" in ji taubashina. "Kar ka manta da danginka."

Na ce a ɓeraye an gani sarai: rauni iri ɗaya, in aka yi shi a lokuta daban na yini, ba ya warkewa daidai, kuma waɗanda aka lalata wa agogo sun fi saurin kamuwa. A mutane abin bai fito fili haka ba. Wasu binciken sun ga ƙarin haɗari ga waɗanda suka daɗe suna aikin dare, wasu ba su gani ba. Masana dai sun tsaya a kan mai yiwuwa ne.

Kawu ya ce ai shi ya juya nasa agogon tuntuni, dare ya zama ranarsa. Na ce da wuya. Kullum da ya gama aiki cikin hasken safiya yake tafiya tasha, hasken nan na gaya wa ƙwaƙwalwa gari ya waye, alhali shi kwanciya zai yi. Ga tashi azahar da la'asar, ga abinci ba lokaci. Jikinsa bai zama na dare ba, bai kuma zauna na rana ba.

Ya ɗaga ido ya dubi ganyen bedi. Sannan ya ce, "Dare ne ya sa mani wannan?"

Na so in ce a'a don ya samu sauƙi. Na ce, "Ban sani ba, Kawu. Babu mai iya duban mutum ɗaya ya ce ga abin da ya sa masa. Akwai shekaru, akwai gado, akwai hayaƙin itacen da ka sha. Akwai wanda bai taɓa kwana a farke ba ya kamu, akwai mai gadin da ya tsufa lafiya."

"Karatun mai yiwuwa ke nan kuke yi a Maradi," in ji taubashina.

Kawu bai yi dariya ba. "Bar nawa, nawa Allah ya riga ya rubuta. In kai ke da ɗa, kana sanin abin da ka sani, ka sa shi bakin tanderu kowane dare har ya yi furfura?"

Taubashina ya daina ɗaurin itacen. Tun da ya bar lakol yake kwana a wurin, kuma a lokacin matarsa na da tsohon ciki. Na ce, "A'a."

Iyakar abin da na faɗa ke nan. Kawu ya ce in taimaka masa ya tashi, magariba ta kusa.

Kwanaki bai sake tada zancen ba. Ni ma na ɗauka ya wuce, domin na san matsalar: dogo ba ya jira. In aka gasa shi da la'asar, kafin asuba ya zama sanda. Burodin da za a gasa da rana a sayar washegari iri ɗaya ne kawai, kuma kowa a Gazawa ya san sunan da Kawu ya ba shi. Sai wata safiya ya kira ɗansa ya ce ya hau babur ya tsallaka iyaka zuwa Najeriya, akwai wani mai gidan burodi da suka yi sani, ya zauna wurinsa ya koyi kwaɓin gwangwani, ya sayo gwangwanayen.

"Baba, matashin kai?"

"Na ce da kai wani abu daban?"

Ranar da aka yi gashin farko ina nan. Aka ɗauko Kawu a kujera aka ajiye shi nesa da hayaƙi. Rana tsaka tanderu na ci, maƙwabta na leƙe don ba su taɓa gani ba. Da aka juye gwangwanin farko aka miƙa masa, ya kai kunne ya matsa. Burodin ya lotsa ya dawo, shiru.

"Ko sallama babu," in ji shi. Ya juya shi ya duba ƙasan. "Wutarka ta yi yawa ta baya. Ka bar garwashi ya kwanta tukuna, wannan ba dogo ba ne, rago ne, a hankali yake so."

A lokacin tuwo ya daina wuce masa, dogon da ya yi rayuwarsa a kai ma ɓawon na yanke masa baki. Iya ta gutsuri lallausan ta jiƙa a shayi ta ba shi. Ya ci, ya ƙara. Ya goge baki ya ce, "Wanda ya faɗa wa mai shayi, ban yafe ba." Har ya bar duniya kusan abincinsa ke nan.

Ciniki ya ragu, wannan gaskiya ne. Wasu masu shayin sun koma saye wurin wani. Abokinsa mai shayi ya zo har gida ya yi faɗa, ya ce a kan wannan abin aka yi damina ba a gaisa da shi ba, yanzu kuma a kawo masa shi a kwando? Kawu ya ce, "Lokacin ni ke da gaskiya, yanzu ma ni ke da ita. Zauna ka sha ruwa."

Bayan sadakar uku, da baƙi suka ragu, na samu taubashina da yamma yana share bakin tanderu. Ya ce maganar mai shayi na cin sa. Ya ce tun da aka daina aikin dare bai yi barcin kirki ba ko sau ɗaya, da jinya ce, yanzu kuma sai ya kwanta ido biyu har gari ya waye, ga ɗiya jaririya, ga ciniki rabi.

"Mi amfanin barin dare in daren bai bar ni ba?"

Na ce jikin da ya yi shekaru a juye ba ya dawowa cikin mako. Ya riƙa fita hasken safiya, ya rage barcin rana, ya ci abinci kan lokaci, ya ajiye waya in ya kwanta, kuma ya bar shayi mai kauri bayan magariba.

"Har shayin? Kai ka rantse sai ka raba zuri'armu da masu shayi." Ya jingina tsintsiya. "Tsakani da Allah, Lokotoro, in na yi duk wannan ba zan kamu ba?"

"Ban ce ba. Haɗarin ne mai yiwuwa zai ragu."

"Kai dai ko sunanka aka tambaye ka, mai yiwuwa za ka ce."

Na koma Maradi ban san abin da zai yi ba. Ban kira shi na tambaya ba, don tanderun nasa ne, iyalin nasa ne, kuma na riga na faɗi iyakar abin da na sani. Aka yi arba'in ina cikin jarrabawa, mahaifiyata ta ce mini mai shayi ya sake tada maganar a gaban mutane, taubashina ya ce a bar shi ya yi tunani.

Bayan haka da 'yan kwanaki, ina fitowa daga aji da hantsi, waya ta yi ƙara.

"Lokotoron Ɓeraye."

"Na'am. Lafiya?"

"Lafiya lau. Yau ladan ne ya tashe ni. Tun da na bar lakol, ni ke jin lokacin da yake buɗe ƙofar masallaci yana gyaran murya. Yau sai da ya kai rabin kiran sallah na farka, ban san inda nake ba. Raka'a ɗaya ta wuce ni, liman har yana tambaya ko ba ni da lafiya."

"Tanderu fa?"

"Sai an yi azahar za mu hura. Na faɗa wa tsohon mai shayin jiya, dogo ba zai dawo ba. Ya zage ni, ya zage ka, ya ce a ƙara mashi matashin kai a kwandon gobe."

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa kurakuransa, ya yalwata masa kabarinsa ya sanyaya shi. Allah ya ba Iya da mahaifiyata haƙuri, ya raya abin da ya bari, mu kuma in tamu ta zo ya sa mu cika da imani. Amin.